Hashiya a Inda Ba Ta da Gurbi: Haɗarin Ƙara Sharhi Cikin Rajistar Masu Amfani da Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ya san hashiya. Idan aka buɗe tsohon littafin Ahalari ko Ishmawi ko Risala, akan tarar da ƙananan rubuce-rubuce a gefen shafi da tsakanin layuka, inda wani ɗalibi ya rubuta ma'anar kalma ko ƙarin bayanin malaminsa. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, domin mai karatu yana da hankalin da zai rarrabe matani da hashiya. Haka ma malamin boko yakan rubuta da fensir a gefen rajistar aji cewa wane ya koma wata makaranta, wance kuma ba ta da lafiya.

To amma akwai rajistar da ba mutum ne ke karanta ta ba, na'ura ce. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu ta zama ta kwamfuta gaba ɗaya, wannan kuwa ya sa makarantun sakandare ƙoƙarin buɗe ɗakunan kwamfuta. Sau da yawa malamin lissafi ko na kimiyya ake danƙa wa makullin ɗakin, shi ne kuma zai riƙa buɗe wa ɗalibai asusu yana rufewa. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa irin wannan malami da ɗalibansa yadda rajistar masu amfani da kwamfuta take, da dalilin da ya sa ɗan sharhin da aka ƙara cikinta da kyakkyawar niyya kan iya kulle na'ura ko tona asirin jama'a. Za a kuma kwatanta al'amarin da yadda ƙwayar halitta ke karanta saƙon gado, domin ƙa'idar kusan ɗaya ce.

Asalin Rajistar da Tsarinta

A shekarar 1969 ne Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara gina babbar manhajar nan mai suna Unix a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka. An tsara ta yadda mutane da yawa za su iya aiki da na'ura ɗaya, saboda haka tilas na'urar ta san wane ne wane. A shekarar 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fito da Linux wadda ta bi tafarkin Unix. A yau yawancin manyan na'urorin da ke riƙe da shafukan intanet da Linux suke aiki, kuma da yake kyauta ce, makarantu kan ɗora ta a kan tsofaffin kwamfutoci.

A waɗannan na'urori ana ajiye sunayen masu amfani ne cikin wani fayil mai suna /etc/passwd. Rubutu ne tsagwaronsa, kowane mutum da layinsa, kowane layi kuma yana da gurbi bakwai, an raba su da alamar ruwa biyu. Ga misali:

dalibi7:x:1007:1007:Dalibi na Bakwai:/home/dalibi7:/bin/bash

Gurbi na farko shi ne sunan shiga. Na biyu wurin kalmar sirri ne, amma a yanzu harafin x kawai ake sa wa, alamar cewa an ɓoye kalmar a wani fayil dabam mai suna /etc/shadow. Na uku lambar mutum ce, na huɗu lambar rukuninsa. Na biyar wurin cikakken suna da ɗan bayani ne. Na shida adireshin ma'ajiyarsa ce, wato inda takardunsa suke. Na bakwai kuwa sunan manhajar da za ta tarbe shi ne da zarar ya shiga.

Abin lura shi ne, lamba ce na'ura ta sani, suna don sauƙin mutane aka yi shi. Lamba 0 ta babban mai iko ce, wanda ake kira root, shi ne kan layin farko. A yawancin ire-iren Linux na yanzu, lambobin mutane na farawa ne daga 1000. Akwai kuma 'yan'uwan wannan fayil guda biyu: /etc/shadow mai gurbi tara, da /etc/group mai gurbi huɗu. Dole ne su ukun su dace da juna, kamar yadda rajistar aji ke dacewa da babban littafin shigar ɗalibai.

Rubutu Ɗaya, Masu Karatu Da Yawa

A fayiloli da dama na Linux an yarda a rubuta sharhi. Ana fara layin ne da alamar #, wadda masu wayar hannu suka sani da gidan dara ko tsani. Idan manhaja ta ga wannan alama sai ta tsallake layin. Haka abin yake a /etc/hosts da /etc/fstab. Shi ya sa mai koyo kan zaci kowane fayil haka yake.

Ƙa'idar /etc/passwd ta Linux ba ta tanadi layin sharhi ba. Bugu da ƙari, manhajojin da ke karanta wannan fayil suna da yawa: mai karɓar kalmar sirri, da mai buɗe sabon asusu, da mai nuna mamallakin takarda, da mai kula da ayyukan da aka ɗora wa lokaci, da ƙananan manhajojin da masu kula da na'ura ke rubutawa da kansu. Kowace da yadda take ɗaukar baƙon layi. Waɗanda suka dogara da kundin umarnin da ake kira glibc sukan tsallake layin da ya fara da gidan dara. Manhajar bincike mai suna pwck kuwa takan ce layin gurɓatacce ne, har ta tambaya ko a share shi. Wata kuma takan ɗauki alamar a matsayin harafin farko na sunan mutum. A wani ɓangaren, babbar manhajar FreeBSD, wadda ita ma jinin Unix ce, ta halatta sharhi a tata rajistar ƙarara.

Illar wannan saɓani ita ce ɓarnar ba ta cika bayyana nan take ba. Malami zai ƙara sharhi yau, ya ga kowa ya shiga lafiya, ya ɗauka babu laifi. Sai bayan watanni, ranar da wata manhajar dabam ta zo karanta fayil ɗin, sannan matsala ta taso, alhali kowa ya manta da sharhin.

Darasi Daga Ƙwayar Halitta

Ɗaliban ilimin halittu sun san cewa saƙon gado yana rubuce ne a cikin sinadarin DNA da haruffa huɗu: A da T da G da C. Ƙwayar halitta tana karanta su uku-uku, kowane uku na nuni ga amino asid guda, jerin waɗannan kuma shi ke zama furotin. A shekarar 1961, a Kambirij ta Ingila, Francis Crick da Sydney Brenner da abokan aikinsu suka gwada wannan da wani bairos mai kama bakteriya. Suka ga idan an ƙara harafi ɗaya ko biyu a cikin saƙon, duk abin da ya biyo baya ya lalace, amma idan an ƙara uku a kusa da juna, sau da yawa karatun yakan koma daidai. Ana iya kwatanta wannan da jimlar Hausa mai kalmomi masu harafi uku-uku:

YAU ALI ZAI KAI MAI CAN

Idan aka cusa harafin K guda ɗaya bayan kalmar farko, aka ci gaba da yanka uku-uku, ga abin da za a samu:

YAU KAL IZA IKA IMA ICA N

Ba a cire ko harafi ɗaya ba, amma ma'ana ta tafi, domin mai karatun ƙidaya yake yi, ba ya duban ma'ana. Haka manhaja take ƙidayar ruwa biyu a layin rajista.

Ko canjin harafi ɗaya ma ya isa. Cutar amosanin jini, wato sikila, wadda ta addabi gidaje da yawa a ƙasar Hausa, ta samo asali ne daga sauyin GAG zuwa GTG a matsayi na shida na ɗaya daga cikin sarƙoƙin furotin da ke ɗaukar iska a jini, sarƙa mai amino asid 146. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta a Nijeriya kowace shekara.

Akwai wani misalin da ya fi kusa da batun hashiya. A shekarar 1977 Richard Roberts da Phillip Sharp suka gano, kowa da nasa ayarin, cewa saƙon gado kan zo da wasu tsakure a tsakiyarsa waɗanda ba sa shiga cikin furotin, ana kiransu intoron. Ƙwayar halittar mutum ta san alamominsu, yawanci sukan fara da GT su ƙare da AG, sai ta yanke su kafin karatu. Bakteriya ba ta da wannan almakashi. Saƙon gadon insulin na ɗan'adam yana da irin waɗannan tsakure guda biyu, don haka da masana suka so bakteriya ta riƙa sarrafa insulin a shekarar 1978, sai suka haɗa mata saƙo marar tsakure. Darasin a fili yake: abin da mai karatu ɗaya ya san zai tsallake, wani mai karatun zai haɗiye shi a matsayin matani.

Hanyoyi Biyar da Sharhi Ke Yin Ɓarna

Ta farko, sharhi a ƙarshen layi. A ɗauka malami ya rubuta gidan dara da kalmomin "shugaban aji" bayan /bin/bash. Na'ura za ta ɗauki wannan duka a matsayin sunan manhajar gurbi na bakwai. Za ta neme ta, ba za ta samu ba, sai ta mayar da ɗalibin waje ko da kalmar sirrinsa daidai ce. Idan a layin root aka yi haka, mai ɗaki ne ya kulle kansa a waje.

Ta biyu, ruwa biyu a cikin gurbi na biyar. Idan aka rubuta "Aji: Biyar" a wurin cikakken suna, layin ya zama mai gurbi takwas. Kalmar "Biyar" za ta zauna a wurin adireshin ma'ajiya, adireshin kuma ya gangara zuwa gurbin gaba. Wannan shi ne ainihin abin da ya sami jimlar Ali da mai.

Ta uku, rufe asusu da gidan dara. Wasu kan sa alamar a farkon layin ɗalibin da ya gama makaranta, da nufin sun dakatar da shi. Amma takardunsa suna nan ɗauke da lambarsa, layinsa na /etc/shadow ma yana nan. Da yake sunan ya ɓace daga jerin da na'ura ke nunawa, wani malamin zai iya ganin kamar lamba 1007 ba ta da mai ita, ya ba sabon shiga. Nan take sabon ya gaji dukan takardun tsohon. Idan tsohon asusun na malamin jarrabawa ne, to tambayoyi da makin ɗalibai sun faɗa hannun da bai dace ba.

Ta huɗu, tonon asiri. An bar /etc/passwd a buɗe ne da gangan, kowane mai asusu yana iya karanta shi, domin manhajoji na bukatar sanin sunan da ya dace da kowace lamba. Saboda haka duk abin da aka rubuta a ciki tamkar an manna shi ne a allon sanarwa. Mai kula da na'urar da ya rubuta kalmar sirrin wucin gadi a can don kada ya manta, ko lambar wayar wata ɗaliba, ko unguwar su, ko bayanin rashin lafiyarta, ya miƙa su ga kowa. Masu binciken tsaron kwamfuta sukan tarar da irin wannan kuskure har a na'urorin Windows na ma'aikatu, inda ake rubuta kalmar sirri a gurbin bayanin asusu.

Ta biyar, haruffan da ido ba ya gani. Idan aka kwashi fayil ɗin aka gyara shi a kwamfutar Windows, ana iya samun wani ɓoyayyen harafi a ƙarshen kowane layi, domin Windows da alamu biyu take rufe layi, Unix kuwa da ɗaya. Ƙarin zai manne da gurbi na bakwai na kowa da kowa. Tsofaffin ire-iren manhajar Notepad kuma kan liƙa wata ɓoyayyiyar alama a farkon fayil idan aka adana shi da tsarin da ke ɗaukar haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ. Farkon fayil kuwa sunan root ne. Don haka an fi so a rubuta sunan shiga da ƙananan haruffan boko marasa lanƙwasa da lambobi kawai.

Abin da Tarihi Ya Nuna

Taɓa rajista da hannu ya daɗe yana jawo nadama. A shekarun 1960, a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, akwai wata babbar na'ura mai tsarin da ake kira CTSS, wadda ke ajiye kalmomin sirri a fili ba tare da an rikita su ba. Wata rana wani ma'aikaci yana gyara fayil ɗin kalmomin sirri, wani kuma yana gyara saƙon maraba da ake nuna wa kowa idan ya shiga. Saboda wani aibi a manhajar gyaran rubutu, sai fayilolin wucin gadi na su biyun suka sauya wuri. Duk wanda ya shiga sai ya ga kalmomin sirrin kowa a gabansa. Robert Morris da Ken Thompson sun kawo wannan labari a wata maƙala da suka wallafa a 1979 kan tsaron kalmar sirri.

Ranar 2 ga Nuwamba, 1988, ɗan wannan Robert Morris ɗin, wanda ke karatu a Jami'ar Cornell, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta a intanet. Ɗaya daga cikin dabarunta ita ce karanta /etc/passwd, wanda a lokacin yake ɗauke da rikitattun kalmomin sirri a gurbi na biyu. Sai ta riƙa gwada sunan shiga, da sunayen da ta tsinta a gurbi na biyar, da kuma jerin kalmomi 432 da ta zo da su. An ƙiyasta ta kama na'urori kusan 6,000, wajen kashi ɗaya cikin goma na waɗanda ke kan intanet a wancan lokaci. Irin wannan haɗari ne ya sa raba kalmomin sirri zuwa /etc/shadow, wanda sai mai iko ke karantawa, ya zama ruwan dare. Wannan ya nuna cewa ko halattaccen gurbin bayani ma, abin da aka zuba masa makami ne ga mai mugun nufi.

Yadda Ya Kamata a Yi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, wannan magana kuwa ta fi nauyi a inda mai gyara yake nesa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana nan, akwai kuma Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Amma makarantar da ke ƙauyen Zurmi ko Shinkafi ba kullum take iya kawo masani ba, ga matsalar tsaron hanya. A watan Satumba na 2021 ma an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara na tsawon makonni, lokacin da ko tambaya ta waya ba ta yiwuwa. Na'urar da ta kulle ana saura mako ɗaya jarrabawa asara ce ga aji guda. Ga matakan kiyayewa.

Na ɗaya, a bar manhajojin da aka yi don aikin su yi shi. Da useradd ake buɗe asusu, da userdel ake share shi. Idan ana son sa cikakken suna ko aji, a yi amfani da usermod -c ko chfn, waɗanda ke ƙin karɓar ruwa biyu.

Na biyu, idan ɗalibi ya tafi, a kulle asusunsa da usermod -L, wanda ke sa alamar motsin rai a gaban rikitacciyar kalmar sirrinsa, a kuma ƙare wa'adin asusun da chage. Ta haka suna da lamba suna nan, ba mai gadonsu bisa kuskure.

Na uku, idan gyara da hannu ya zama dole, a yi shi da vipw, ko vigr idan fayil ɗin rukuni ne. Waɗannan sukan hana wani taɓa fayil ɗin har a gama, kuma a kan kwafi suke aiki, sai an kammala sannan su maye gurbin na asali. Wannan kariya ce babba a inda wutar lantarki kan ɗauke ba sallama.

Na huɗu, a yi kwafin fayil ɗin kafin a fara, a kuma bar taga ɗaya ta root a buɗe har sai an gwada shiga ta wata tagar an ga ta yi. Bayan gyara a duba da pwck -r da grpck -r, waɗanda ke faɗin kuskure ba tare da sun canza kome ba. Yana da kyau a san cewa na'ura kan ajiye kwafin da ya gabata da suna /etc/passwd- mai karan ɗori a ƙarshe. A kuma tanadi filashi mai ɗauke da Linux wanda za a iya tayar da na'ura da shi idan ta kulle.

Na biyar, a nema wa sharhi gidansa. Littafi mai bango da ake kullewa a ofishin shugaban makaranta ya wadatar: wane ne ya buɗe asusu, yaushe, don me, yaushe aka rufe. Ana kuma iya buɗe fayil dabam wanda root kaɗai ke karantawa. Kalmar sirri dai ba a rubuta ta ko'ina.

Kammalawa

Ɗalibin da ya taɓa cike takardar amsa ta WAEC ko NECO da fensir ya san gargaɗin da ake yi cewa kada a bar wani zane a wajen akwati, domin na'ura ce za ta duba. Ƙa'idar ke nan a rajistar kwamfuta, ita ce kuma a cikin ƙwayar halitta. Kafin a ƙara ko da harafi ɗaya a kowane fayil, a tambayi abu uku: su wane ne ke karanta shi, shin dukansu sun san alamar sharhi, kuma idon wa zai iya kaiwa gare shi? Idan ba a san amsa ba, a duba littafin jagorar da ke cikin na'urar ta hanyar rubuta man 5 passwd.

Tambayoyi Don Nazari

1. A lissafa gurabe bakwai na layin /etc/passwd, a faɗi aikin kowanne.
2. Me zai faru idan aka sa ruwa biyu a cikin gurbi na biyar? A kwatanta da ƙarin harafi ɗaya a saƙon gado.
3. A ƙirƙiro jimlar Hausa mai kalmomi shida masu harafi uku-uku, a cusa harafi ɗaya, sannan biyu, sannan uku bayan kalmar farko, a bayyana abin da aka lura.
4. Me ya sa kulle asusu ya fi sa masa gidan dara aminci?
5. Waɗanne bayanai ne game da ɗalibi bai kamata a rubuta su a fayil ɗin da kowa ke karantawa ba, kuma don me?